Ƙafafun Ƙarfen da Aka Bari a Dakali

An yi wani mutum a nan Tanga, a wata unguwa da ba ta da nisa da inda muke zaune yanzu. Ba zan kama sunansa ba, domin yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Matarsa da maƙwabta suna kiransa Baban Zuhura, mu ma sai mu tsaya a nan. Shi da bakinsa ya ba ni labarin, ya ce in faɗa wa mutane.

Sana'arsa jigilar lemo. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura fara, da ita yake zuwa Muheza ya lafto kaya ya kawo kasuwa. Mutum ne mai sallah, mai cika alkawari, ba ya shan komai sai kofi mai ɗaci. In ka tambayi mutanen layinsu aibinsa, sai sun yi tunani kafin su ba ka amsa.

Shi ya sa labarinsa ya daɗe yana ba ni mamaki, ya 'yan uwa. Mun saba jin barasa ta kayar da wane, caca ta tsiyata wane. To mutumin kirki fa, ta wace ƙofa ake shigo masa? Ku biyo ni mu duba tare.

Mahaifinsa, marigayi Sefu, bakanike ne. Ya bar 'ya'ya maza biyu, Baban Zuhura da ƙanensa Mbwana, ya kuma bar kayan aiki. A cikin kayan akwai wasu ƙafafun ƙarfe guda huɗu da tsohon ya haɗa da hannunsa daga ƙarafan wata babbar mota da ta mutu. Kowace tana da gindi mai faɗi, da wuya mai hawa da sauka, da gwafa a sama inda ƙashin mota ke zama. In an ɗaga mota da jak, sai a tura su ƙarƙashi, a sauke nauyin a kansu, sannan mutum ya shiga ya yi aikinsa hankali kwance.

Tun suna yara tsohon yake nanata musu magana ɗaya har suka gaji da jin ta: jak ɗagawa yake yi, ba ya riƙewa. Ya taɓa zane Baban Zuhura don ya gan shi ya zura kai ƙarƙashin motar da ke tsaye a kan jak kaɗai. Saboda haka kada wani ya ce jahilci ne ya ci mutumin nan. Ya san abin sarai.

Da tsohon ya rasu, magada suka amince kada a raba kayan aikin. Suka bar su a babban gida, inda Mbwana ke zaune, a kan tsarin da tsohon ya saba tun yana raye. Mai buƙata ya zo da kansa, ya yi sallama, ya zauna ya sha kofi, sannan ya ɗauki abin da zai ɗauka. Ba a aike, ba a miƙo wa ta katanga. Ina jin tsohon ya san halin 'ya'yansa, yana neman abin da zai riƙa haɗa fuskokinsu.

Ranar sadakar arba'in ta tsohon aka sami matsala. Baban Zuhura ya makara a hanya. Malamai sun daɗe a zaune, shinkafa tana hucewa, dattawa suna duban rana. Mbwana ya ce a fara. Ko da yayan ya iso an shafa fatiha, ana wanke hannu.

Ya tsaya a tsakar gida ya dubi tirarrukan da aka cinye, ya dubi ƙanensa. Ya ce tunda an iya yi wa mahaifinsa addu'a ba da shi ba, to gidan nan ba ya buƙatarsa. Ya rantse da Allah ba zai ƙara shigarsa ba, ya juya ya fita.

Iyakar laifin ke nan, ya 'yan uwa. Ba gona aka cinye ba, ba mutunci aka ci ba. Na tambaye shi ko akwai wani abu a ƙasa da ban sani ba, ya ce wallahi babu. Mbwana ya je ba da haƙuri aka ce masa ba ya nan, alhali takalmansa suna bakin ƙofa. Dattawa suka sa baki, ya ce ai shi ya riga ya rantse. Aka gaya masa rantsuwar yanke zumunci karya ta ake yi a yi kaffara, ya ce ya ji. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Gidajensu suna kallon juna, layi ɗaya ne a tsakani, amma in sun haɗu a masallaci sai Baban Zuhura ya canja sahu.

Ana nan, a tsakiyar kakar lemo, sifirin ɗin baya na motarsa, wato jerin ƙarfen da ke ɗauke da nauyinta a kan tayoyi, ya karye. Ya yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, ta faɗa wani rami, ta dawo gida tana tafiya a karkace. Aikin ba baƙo ba ne a wurinsa. Sai an ɗaga bayan motar gaba ɗaya, an cire tayoyin baya, mutum ya kwanta a ƙasa ya kwance tsohon ya ɗaura sabo. Ɗan Sefu kuwa bai taɓa kai motarsa gareji ba, yana ganin abin kunya ne.

Matarsa Mwantumu tana kankare kwakwa ta ɗago kai ta ce, "Baban Zuhura, ai sai ka leƙa wurin Mbwana ka ɗauko ƙafafun Baba."

Ya ce, "Wa ya tambaye ki?"

"Babu. Na ga dai kana ta zagaya motar kamar mai neman aurenta."

"Kasuwa ta ƙare ne? Abin da hannu ya ƙera, kuɗi na saye."

Washegari ya tafi unguwar Ngamiani, shagon wani mai kayan mota da ake kira Nassoro. Nassoro irin mutanen nan ne da in ka tambaye su allura sai sun ba ka tarihin maƙerin. Shi kuma Baban Zuhura yana son ƙarfe, yana son ya san yadda abu ke aiki. Suka dace. Ya ce mini da farko har ya manta da ɓacin ransa, ya shagala da kallo.

Nassoro ya fara da ƙaramin jak ɗin da ke zuwa da mota, mai buɗewa kamar almakashi. Ya ce, "Wannan na canjin taya ne a bakin hanya. Ko hularka ce ta faɗa ƙarƙashi, ka bar ta sai ka sauke motar."

Ya ɗauko wani ja, gajere, mai siffar kwalba. Ya nuna masa inda mai yake, da yadda ake buga hannu man ya tura sandar sama. Baban Zuhura ya juya shi ya ce, "To me ke hana man komawa?"

Nassoro ya buɗe aljihun tebur ya ciro wata 'yar baƙar roba, ba ta fi zoben yatsa ba, ya ɗora masa a tafin hannu. "Ga ta. Duk nauyin motarka a kan wannan yake. Ranar da ta gaji ba ta aiko maka da saƙo."

Baban Zuhura ya daɗe yana kallon robar. Shekara da shekaru yana amfani da irin jak ɗin, bai taɓa ganin cikinsa ba. Abin ya ba shi mamaki, ya kuma ba shi tsoro.

Suka wuce wurin dogon jak mai tayoyi, wanda ake turawa ƙarƙashi. Nassoro ya ce yana da daɗin aiki, amma sai a kan siminti, a yashi tayoyinsa nutsewa suke yi. Suka duba wasu ƙarafa biyu masu gangare da mota ke hawa da kanta. Ya ce waɗannan sun fi komai kwanciyar hankali in juyen baƙin mai za ka yi, amma wanda zai cire taya ba su da amfani a gare shi, tunda a kan tayar motar ke tsaye.

A ƙarshe suka zo kan ƙafafun ƙarfe. Guda biyu ne a shagon, sirara, masu sheƙin fenti. Baban Zuhura ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu, ya karanta nauyin da aka rubuta a jiki, ya ce ai wannan ya isa.

Nassoro ya girgiza kai. "Wannan lambar ta su biyun ce a haɗe, ba ta ɗaya ba. Kuma na ƙananan motoci ne. Ni ba zan sayar maka da su ka shiga ƙarƙashin waccan a-kori-kurar taka ba, ina da 'ya'ya. Manyan sun ƙare, an ce suna hanya daga birnin Dar, ka san kuwa yadda hanyar take." Sai ya tsaya ya ƙura masa ido. "Tsaya tukuna. Kai ba ɗan Sefu ba ne? Haba! Ku da kuke da ƙafafun da ko giwa aka ɗora musu sai dai ta yi barci, ka zo kana lalube a shagona? Ni da zan sami irinsu, wallahi a ɗakin kwana zan ajiye."

Fuskar Baban Zuhura ta canja. Ya ce, "Ƙulla mini jan jak ɗin."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Ku lura da wannan wuri, ya 'yan uwa. Mutumin nan ya fito daga shago ya fi sanin haɗarin fiye da lokacin da ya shiga. Ya riƙe robar a hannunsa. Ilimi ya ƙaru, hanya ta fito fili. Me ya rage?

Nassoro bakinsa ba ya ajiya. Kafin la'asar magana ta kai kunnen Mbwana. Da gari ya waye, mutanen layin suka ga ƙafafun Sefu guda huɗu a jere a kan dakalin ƙofar babban gida, an goge su da mai, ga wani katako mai kauri an jingina a gefe don shimfiɗawa a ƙasa. Mbwana kuwa ya shige ciki ya ja ƙofa. Ya karya tsarin mahaifinsu da hannunsa, don kada yayansa ya shiga gidan, kada ma ya yi sallama. Ɗauka kawai zai yi.

Baban Zuhura ya fito zai tafi wurin mai kofi, ya gan su. Ya ce mini zuciyarsa ta yi sanyi, har ƙafarsa ta karkata ta wajen. Sai ya ji muryar Kombo, wani mai barkwanci da ba a rasa shi a bencin mai kofi.

"A'a, jama'a, yau kayan tsoho sun fito shan iska! Baban Zuhura, ko kai suke jira? Je ka mana, ba sa cizo."

Aka kwashe da dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda muke yi kullum ce. Wataƙila ma wasu daga cikinku suna wurin. Amma ita ta mayar da shi. Ya miƙe wuya ya wuce, ya zauna, ya karɓi kofinsa da alawar kwakwa, ya ce shi bai ga komai ba.

Daga nan tunaninsa ya juye. Ya ce wa kansa ai Mbwana da gangan ya yi, ya baje kayan a bainar jama'a don kowa ya ga ranar da yaya zai sunkuya. Kyautar da aka yi masa don a sauƙaƙa masa, ita ya karanta a matsayin tarko.

Mwantumu ta sake gwadawa. "Ga su can a waje fa. Ba shiga za ka yi ba, rantsuwarka tana nan lafiya lau, ko ƙwarzane ba ta yi ba. In nauyin ido kake ji, ni zan jawo su ɗaya bayan ɗaya."

Ya ce, "Ki taɓa su ki gani."

Ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ƙafafun suka kwana a dakali, suka sake kwana. Kullum da safe Mbwana yakan fito ya share musu raɓa ya koma.

Shi kuwa Baban Zuhura ya shiga neman abin da zai tsaya a madadinsu. A nan ma sai na ga abin mamaki, domin bai yi aikin da ka ba. Ya ɗauko bulon siminti, ya buga masa guduma sau ɗaya, ya dare gida biyu, ya ce wannan ba ya gargaɗi. Ya duba dutsen teku da muke gini da shi, ya murza gefensa da yatsa ya ga yana zuba, ya ajiye. Ya yi tunanin jera ƙarafan taya, sai ya ga ɗaya kawai yake da shi na ajiya. Duk abin da ya kamata mai hankali ya ƙi, ya ƙi shi.

Sai idonsa ya faɗa kan wata bishiyar kwakwa da iska ta kayar a bayan gidansa tun damina. Ya sa zarto ya yanko gunduwa biyu daga tsakiyarta, inda ta fi miƙewa, daidai tsayin da yake so. Ya tsayar da su, ya hau ya yi tsalle, ya buga musu guduma a gefe, suka amsa da murya mai kauri. Ya ce ai rabin rufin unguwar nan kwakwa ce ke ɗauke da shi.

Wane ne a cikinmu bai san itacen kwakwa ba? Ƙarfinsa a bayansa yake, cikinsa kuwa taushi ne da zare-zare, kuma yana ƙara taushi in ka yi sama. Shi ya sa magina ke neman gindi, suna fafe gefe su bar tsakiya. Shi ma ya sani. Amma gefen ya buga, gefen ya amsa masa, shi kuma amsar da yake nema ke nan. Bai buga tsakiya ba, inda ƙashin motar zai zauna.

Saura wuri. A ƙofar gidansa ƙasa tana da tauri, a nan yake wanke motar kullum. Sai dai ƙofar tana kallon dakalin Mbwana. Yaya za a yi ɗan Sefu ya kwanta ƙarƙashin mota a kan kututture, ƙafafun ubansa suna kallonsa daga tsallaken layi? Ya ja motar zuwa bayan gida, ƙarƙashin mangwaro, inda yashi ne zalla.

Saura lokaci. Ya jira ranar da mazan layin suka cika mota suka tafi Maulidi a garin Pangani. Ya ga tashinsu da safe, ya ɗauka har da ƙanensa a ciki. Layin ya yi tsit, sai mata da kaji.

Ya fara aiki a tsanake, yadda aka koya masa. Ya sa weji ya tokare tayoyin gaba. Ya shimfiɗa ɗan katako ya ɗora sabon jak, ya ɗaga gefe ɗaya ya tura kututture, ya ɗaga ɗayan ya tura. Ya cire tayoyin. Ya kama motar ya jijjiga ta da ƙarfi, ba ta motsa ba. Ya bar jak ɗin a ƙarƙashin ƙashin motar ta gefen da zai yi aiki, ya zama mataimaki. Ya yi bisimilla ya shiga.

Tsohon sifirin ya fita ba gardama. Sabon ne ya ƙi zama. Raminsa da na sandar tayoyin baya suka ƙi haɗuwa, saura kaɗan, bai fi faɗin yatsa ba. Sai an ɗan ɗaga sandar. Da me za a ɗaga ta? Jak ɗaya ne a gidan, kuma yana riƙe da motar.

Ya ce mini ya kwanta a nan yana kallon ƙarfen, yana jin Mwantumu tana daka a ciki. Ya tuna robar Nassoro. Ya tuna bulalar mahaifinsa. Ya tuna cewa layin babu kowa, in ya fita yanzu ya ɗauko ƙafafun nan babu idon da zai gan shi. Sai wata murya ta ce masa, in mutane suka dawo suka ga dakalin wayam fa? Ai kowa zai san wanda ya ɗauka.

Ya miƙa hannu ya sassauta jak ɗin, ya jawo shi ƙarƙashin sandar. Nauyin motar duka ya koma kan kututturen biyu, bakin ƙarfen yana zaune a tsakiyar kowanne, yadda mata ke ɗora gatari a kan itacen da za su faskara.

Ramukan suka haɗu. Ya zura ƙusa, ta shiga rabi ta tsaya. Ya ɗauki guduma ya buga. Ya sake bugawa. A bugu na gaba ya ji wani ɗan sauti, ƙas, kamar an taka busasshen ganye.

Kututturen ya tsage daga sama har ƙasa. Motar ta zauna a kan cinyoyinsa.

Mwantumu ta fito da gudu, ta gan shi kai da ƙirji a waje, sauran jiki a ciki, idanunsa sun firfito. Ta ja shi, ko motsi. Ba ta tsaya neman mayafi ba, ta faɗa layi tana ihu.

Ƙofar babban gida ta buɗe. Ashe Mbwana bai je Pangani ba. Daga baya matarsa ta faɗa cewa tun da ya ji ƙarar zarto a bayan gidan yayansa hankalinsa bai kwanta ba, ya ce shi yau ba inda za shi.

Ya fito babu takalmi. Ya yi wa matarsa tsawa ta jawo ƙafafun, shi kuma ya sheƙa. Da ya isa ya ga leɓen yayansa ya fara canja launi, ya san babu lokacin jira. Ya fizgo jan jak ɗin daga inda ya faɗi, ya kafa shi a yashi, ya fara bugawa. Motar ta ɗaga kaɗan. Jak ɗin ya fara karkata, yana nutsewa ta gefe ɗaya. Mbwana ya gani. Ɗan Sefu ne shi ma.

Mwantumu ta kama mijinta ta hammata ta ja, ya ƙi fitowa. Ƙafarsa ɗaya ta maƙale tsakanin sabon sifirin da ƙasa. Dole sai wani ya shiga ta gefe ya tone yashin ya zare ta.

Mbwana ya kwanta rub da ciki. Ya ce, "Yaya, kada ka motsa. Ga ni nan."

Maganar farko ke nan da ta shiga tsakaninsu tun ranar sadaka.

Ya zura kai, ya zura kafaɗu, ya shiga har ƙugu. Ya tone da hannuwansa, ya murɗa ƙafar ya tura ta. Ya ce, "Ja!" Mwantumu ta ja da iyakar ƙarfinta, mijinta ya fito, suka zube tare.

Jak ɗin ya kwanta. Ɗaya kututturen ya mirgine. A daidai lokacin matar Mbwana ta shawo kwanar gidan, tana jan ƙafar ƙarfe ɗaya a ƙasa tana haki.

Kafin a tara mutanen da za su ɗaga motar, Mbwana ya cika.

An yi jana'izarsa Baban Zuhura yana asibiti, bai san inda kansa yake ba. Ƙafa ɗaya aka yanke, ɗayar ba ta ƙara ɗaukarsa sosai ba. Motar aka sayar wa masu gwangwan. Jigilar lemo ta ƙare. Gidaje biyu da maza biyu ke ciyarwa suka koma hannun mata biyu, suna soya kifi a bakin layi. Kombo kuwa ya daina zama wurin mai kofi.

Na je duba shi bayan an sallamo shi. Na ɗauka zai yi mini kukan ƙafa ko na sana'a. Bai ambace su ba. Ya ce, "Malam, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Lokacin da ya ɗaga motar, numfashina ya dawo. Na ga jak ɗin yana karkata, ina kallonsa. Ina da bakin da zan ce masa kada ka shiga, jira ƙafafun. Ban ce ba."

Na ce tsoro ne da zafin ciwo.

Ya ce, "A'a. Na buɗe baki, sunansa ya ƙi fitowa. Na daɗe ina hana harshena kiransa, ranar da na nema sai ya ƙi." Sannan ya ce, "Malam, wanda ya mutu yana jin mai neman gafararsa?"

Na ce masa ya yawaita yi masa addu'a da sadaka, ya riƙe 'ya'yansa da abin da ya samu, rahamar Allah tana da faɗi kuma ƙofar tuba ba ta rufe ba. Gaskiya na faɗa masa. Amma ni da shi duk mun san ba amsata yake nema ba. Amsar da yake so a bakin Mbwana take, Mbwana kuwa ba zai ƙara magana ba.

Ya 'yan uwa, na daɗe ina juya labarin nan ina neman inda mutumin ya yi kuskure, sai na ga bai zaɓi komai da kansa ba. Gaba ce ta zaɓa masa kututture. Ita ta zaɓa masa yashi. Ita ta zaɓa masa ranar da babu maza a layi. Shi dai hannu kawai ya sa. Haka girman kai yake yi: ba ya hana ka sani, ba ya hana ka sallah, barinka yake da hankalinka ya riƙa yi maka zaɓi kana zaton kai ne mai dabara. Kuma ba kullum mai laifin ne ke biya shi kaɗai ba.

Ku da kuke gyaran motocinku a gida, ku ji ni da kyau, domin jikinku amana ne. Kada ɗayanku ya shiga ƙarƙashin mota a kan jak, ko bulo, ko kututture. Ku nemi ƙafafun ƙarfe da suka fi nauyin motar, ku kafa su a ƙasa mai tauri, ku sa weji, kuma kada ku yi aikin babu wani namiji kusa. In ba ku da su ku ara. Aro ba ya rage wa kowa daraja.

Ku kuma da kuke da wanda kuka daina yi wa magana, addininmu bai ba ku damar wuce kwana uku ba, kun sani. Na san akwai su a cikin sahun nan. Wani yayansa ne, wani ƙanwarsa, wani maƙwabcin da suka haɗa katanga. Kana cewa sai ya fara zuwa. Wa ya gaya maka zai kai gobe? Wa ya gaya maka harshenka zai yi maka biyayya ranar da ka buƙace shi? In rantsuwa ka yi, karya ta yau ka yi kaffara. Kada ka ci abincin rana sai ka kira sunansa.

Ya Allah ka jiƙan wanda ya tafi, ka sanyaya zuciyar wanda ya rage, ka raya marayun da aka bari. Ka tausasa zukatanmu ga 'yan uwanmu tun suna iya amsa mana. Allah ya kiyaye mu da girman kai da yanke zumunci, ya kiyaye waɗanda ke ƙaunarmu daga sharrin taurin kanmu. Amin.